Tilo da Jam'i a Ingilishi: Nazarin Wuraren da Ɗalibin Aujara Ke Tuntuɓe

Gabatarwa

Darasin tilo da jam'i yana cikin na farko-farko da ake yi wa yaro idan ya soma Turanci. A makarantun Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun ta masarautar Dutse, kamar sauran makarantun Jigawa, malam kan ja layi ya raba allo biyu, ya rubuta *boy* a hagu, *boys* a dama, yara su yi ta binsa da baki har su haddace. Ƙa'idar gajeriya ce: a ƙara *s*. Sai dai bayan shekara tara ko goma, ɗalibin da ya zo zana jarrabawar WAEC ko NECO yana nan yana rubuta *three bag of millet*, da *many informations*, da *the students goes*. Ga shi kuwa sai da kiredit a Ingilishi ake samun gurbi a jami'a, saboda haka ƙaramin harafin nan yana iya tsayar da yaro a ƙofa.

Wannan nazari yana neman bakin zaren wannan lamari. Matsayinsa shi ne, yaron ƙasar Hausa yana shiga aji da tsarin jam'i wanda ya fi na Ingilishi sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, kuma ya riga ya iya shi tun kafin a sa shi makaranta. Inda yake tuntuɓe wurare ne ƙididdigaggu, waɗanda harsunan biyu suka saɓa wa juna a cikinsu, kuma haddar jerin kalmomi ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke gyara su shi ne a jera Hausa da Ingilishi kafaɗa da kafaɗa a gaban ɗalibi.

Yadda Ingilishi ke gina jam'i

Mafi yawan sunayen Ingilishi hanya ɗaya suke bi, wato ɗafa-ƙeyar da ake rubutawa *s* ko *es*. A rubuce kamar abu ɗaya ce, amma a baki kashi uku take. Idan suna ya ƙare da sauti marar ziza, ana furta ta s, kamar a *books* da *cats*. Idan ya ƙare da wasali ko baƙi mai ziza, sai ta koma z, kamar a *bags* da *boys*. Idan kuwa ƙarshensa s ne, ko z, ko sh, ko c, ko j, sai a sako wasali a tsakani ta zama gaɓa guda mai zaman kanta, kamar a *buses* da *churches* da *judges*. Sautin ƙarshen kalma shi ke zaɓa, ba harafi ba.

A shekarar 1958 wata masaniyar Amurka, Jean Berko, ta gwada wannan a kan yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai a jihar Masacusets. Ta zana wata halitta ta laƙaba mata sunan da babu shi a harshen, *wug*, sannan ta nuna musu guda biyu. Yaran suka ce *wugs*, da z a ƙarshe, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Wannan ya tabbatar da cewa ƙa'ida yaro ke ɗauka, ba kalma ɗaiɗai yake haddacewa ba. Gwajin ya kuma nuna cewa kashi na uku, mai ƙarin gaɓa, shi ya fi ba su wuya, su da aka haifa cikin harshen.

Akwai kuma ƙa'idojin rubutu. *Y* da baƙi ya gabace ta tana komawa *ies*, kamar *city* da *cities*, amma *day* sai *days*. Wasu masu ƙarewa da *o* suna ɗaukar *es*, irin su *tomatoes*, wasu kuma *s* kawai, irin su *photos*. A harɗaɗɗen suna, uwar kalmar ce ke ɗaukar alamar: *mothers-in-law*, *passers-by*.

Asalin bauɗaɗɗun sunaye

Sunayen da suka ƙi bin wannan hanya ba haka kawai suka bauɗe ba, ruwa ba ya tsami banza. Tsohon Ingilishi, wanda ake yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066, yana da hanyoyin jam'i da dama. Wasu sunaye suna ɗaukar *as*, kamar *stan* da *stanas*, wato dutse da duwatsu. Wasu suna ɗaukar *an*, wasu *ru*, wasu suna sauya wasalin ciki, wasu ba sa motsi sam. A hankali ajin *as* ya haɗiye sauran, ya zama *s* ta yau. Da dama daga cikin bauɗaɗɗun da muke wahala da su ragowar ajujuwan da aka haɗiye ne.

Masu sauya wasali bakwai ne: *man*, *woman*, *foot*, *tooth*, *goose*, *mouse*, *louse*. A da can jam'insu yana da wasalin i a ƙarshe, wanda ya jawo wasalin saiwa zuwa gaban baki, daga baya shi ya faɗi ya bar tabonsa, aka sami *feet* da *teeth*. *Oxen* ragowar ajin *an* ce. *Children* jam'i biyu ne a kan juna, domin tsohon jam'in *cildru* ne, aka sake ɗora masa *en*. *Sheep* da *deer* tun asali ba sa canzawa. *Wolves* da *leaves* da *knives* sun samu ne saboda a tsohon harshen ana furta f da ziza idan ta faɗo tsakanin sautuka masu ziza. Shi ya sa *chief* da *proof*, da aka aro daga Faransanci daga baya, suka tsaya a *chiefs* da *proofs*. Sauran kuma baƙi ne da suka zo da jam'insu daga Latin da Girkanci ta hanyar ilimi: *criterion* da *criteria*, *crisis* da *crises*, *curriculum* da *curricula*.

Su kansu Turawan Ingila sun daɗe ba su daidaita ba. William Caxton, wanda ya kai injin ɗab'i Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi wata mata ta sayar masa da ƙwai, ya kira su *egges*, matar ta zaci Faransanci yake yi, domin a yankinsu *eyren* ake cewa. Amfanin sanin wannan tarihi ga malami shi ne ya gane cewa bauɗaɗɗun sunaye 'yan kaɗan ne, kuma iyali-iyali suke. Ba su cancanci cinye rabin zango ba.

Abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida

Idan aka juyo kan Hausa, sai a ga abin da Ingilishi ya zubar ita tana riƙe da shi, har da ƙari. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya kasa jam'in Hausa zuwa ajujuwa fiye da goma, kowane da ɗafinsa da karin sautinsa. Akwai mai maimaita baƙin ƙarshe: taga da tagogi, hanya da hanyoyi. Akwai ɗalibi da ɗalibai, riga da riguna, kifi da kifaye, wata da watanni, kujera da kujeru, rafi da rafuka. Akwai mai kutsawa cikin saiwa: dutse da duwatsu, sirdi da sirada. Akwai Bahaushe da Hausawa. Akwai waɗanda sai an ji an riƙe: akuya da awaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu. Yawan hanyoyin nan ne ya sa ƙamusoshin Hausa, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero na 2006, suke kawo jam'in suna a gefensa.

Yaro ɗan shekara shida a Aujara yana sarrafa wannan duka ba tare da wani ya tsaya ya koya masa ba. Har sauyin sauti yana yi bisa ƙa'ida: t ta koma c a mota da motoci, s ta koma sh a ƙasa da ƙasashe, d ta koma j a gida da gidaje. Kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi su ne shaidar cewa ƙa'idar a raye take, domin da zarar sun shigo ake ɗinka musu jam'in gida: likitoci, sojoji, direbobi, gwamnoni, ofisoshi, kwamfutoci. Wasu ma da *s* ɗinsu aka ɗauko su aka mayar tilo, kamar karas da silifas. Ingilishi ya taɓa yin kishiyar wannan, ya zaci ƙarshen tsohuwar kalmar *pease* alamar jam'i ce, ya yanke shi ya ƙirƙiri *pea*.

Ƙasar Jahun kuma ƙasar Fulani ce tun da daɗewa, kuma yaron da ya tashi da Fulatanci ya saba da jam'in da ke sauya har baƙin farkon kalma: Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, debbo da rewɓe. Wanda ya yi nisa a Islamiyya ya san mufradi da musanna da jam'i, ya san bambancin jam'u salim da jam'ut taksir, irin kitab da kutub. Ɗalibin da ke ɗauke da wannan guzuri, *man* da *men* ba za su zame masa baƙon abu ba, muddin an nuna masa cewa irin abin da ya sani ne.

Wurare huɗu na tuntuɓe

Robert Lado ya nuna a 1957 cewa kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo yana haska inda wahala za ta ɓullo. Idan aka yi wannan kwatanci tsakanin Hausa da Ingilishi a kan adadi, wurare huɗu ne ke fitowa.

Na farko, kunne da harshe. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Kalma takan ƙare da baƙi ɗaya, kamar malam ko takwas, amma ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa muka ce benci. To, jam'in Ingilishi kuwa cunkoson baƙaƙe yake haifarwa a ƙarshen kalma: uku a *desks* da *tests*, huɗu a *texts*. Bakin da bai saba ba sai ya zubar da na ƙarshe, kuma na ƙarshen shi ne alamar jam'in. Abin da yaro bai furta ba, bai kuma ji an furta ba, da wuya ya rubuta shi. Haka nan Hausa ba ta da v, don haka *leaves* kan fito da b. A *woman* da *women* kuwa, rubutu yana nuna canji a gaɓa ta biyu, amma a baki gaɓar farko ce ke canzawa. Irin waɗannan suna fitowa a takardar gwajin furuci ta WAEC.

Na biyu, suna tare da lamba. Ka tsaya wajen masu awo a kasuwa ka saurara: buhu goma, tiya uku, dami ashirin, kwana bakwai, naira dubu. Ba mai cewa buhuna goma sai in yana son jaddadawa. A Hausa lamba ta wadatar, suna yana iya zama a tilonsa, har a ce mutum uku sun zo. Ingilishi kuwa dole ne a nuna adadin sau biyu, a lamba da kuma a suna. Ɗalibin da ya rubuta *ten bag* ya san *bags* sarai. Ƙa'idar Hausa ya bi da kalmomin Turanci. Abin da ke ƙara dagula masa lissafi shi ne Ingilishin kansa yana da wuraren da yake yin irin na Hausa: *a ten-year plan*, *two hundred*, da kuma *fifty naira*, domin sunan kuɗin da Nijeriya ta fara aiki da shi a 1973 ba ya ɗaukar *s*.

Na uku, kuma mafi zurfi, rabon abin da ke ƙirguwa da wanda ba ya ƙirguwa. Kowane harshe da inda ya ja layinsa. A Hausa muna da bayani da bayanai, shawara da shawarwari, hujja da hujjoji, kaya da kayayyaki. Takwarorinsu na Ingilishi, *information*, *advice*, *evidence*, *luggage*, *equipment*, *furniture*, ba sa ɗaukar jam'i a daidaitaccen harshe. *Staff* kuma tarin ma'aikata take nufi, ba mutum ɗaya ba. A ɗaya gefen, wando da almakashi tilo ne a wurinmu, amma *trousers* da *scissors* jam'i ne kullum. *News* da *mathematics* suna da *s* amma tilo ne. *Police* da *cattle* ba su da ita amma jam'i ne. Sannan Hausa da “da yawa” take auna komai, mutane da yawa, ruwa da yawa, inda Ingilishi ya raba *many* da *much*.

Duk da haka, a nan ne Hausa ta fi ba da tsani. Ɗan manomi ya san ba a ƙirga gero kai tsaye, sai a ce ƙwayar gero, ko zangarniya, ko dami, ko tiya, ko buhu. Haka gishiri, haka riɗi, haka man gyaɗa. Abin da Bature ya yi shi ne ya ɗauki shawara da bayani ya sa su a layin gero, ya ba su ma'auni: *a piece of advice*, *two items of furniture*. Ɗalibin da aka buɗe wa wannan ƙofa ya riga ya san sauran hanyar.

Na huɗu, jituwar suna da aikatau. A Hausa wakilin suna da ke gaban aikatau shi ke ɗauke da jinsi da adadi: yaro ya tafi, yarinya ta tafi, yara sun tafi. Aikatau ɗin kansa yana nan yadda yake. Sifa ma tana bin suna: farin doki, fararen dawaki. Ingilishi ya bar sifa ba ta motsi, amma ya ɗora wa harafi ɗaya aiki uku. *S* a kan suna jam'i ce. A kan aikatau alamar tilo ce, *the boy goes* amma *the boys go*. Da waƙafin sama kuma mallaka ce, *the boy's book*. Yaron da aka shekara uku ana gaya masa cewa *s* tana nufin abu da yawa, kuma ya saba da jam'i ya bi jimla daga farko har ƙarshe, hankali ne ya kai shi ga rubuta *the boys goes*.

Kurakuran da ba na Hausa ba

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane kuskure ne za a jingina wa harshen uwa ba. S. Pit Corder ya yi nuni a 1967 cewa kuskuren mai koyo yana bayyana ƙa'idar da yake ginawa a kansa. *Childs* da *mans* da *sheeps* irin wannan ne, kuma yaran Landan ma suna yin su. Alama ce cewa ƙa'idar ta shiga, saura a nuna mata iyaka. Malamin da ya ɗauki bulala a kan *childs* ya hukunta yaro a kan ci gaba.

Haka kuma *equipments* da *staffs* da *furnitures* ba a ƙasar Hausa kaɗai ake jin su ba. Suna cikin siffofin Ingilishin Nijeriya da masana irin su David Jowitt, mai littafin 1991 kan wannan fanni, suka yi nazari a kansu, kuma ana samun irinsu a Indiya da Gabashin Afirka. Ɗalibi yana ganin su a allunan shaguna, yana jin su a bakin manya. Gaskiya ne Ingilishin Nijeriya yana samun karɓuwa, har ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominsa 29 a Janairun 2020, ciki har da Kannywood. Amma mai duba takardar jarrabawa da daidaitaccen nahawu yake auna ɗalibi. Haƙƙin yaro ne a gaya masa wannan ƙarara: ga yadda ake faɗa a gari, ga yadda ake so a takarda.

Abin da wannan ke nema daga malami

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a azuzuwan farko na firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa koyo da harshen gida ba ya tauye Ingilishin yaro. Ko wace alkibla manufar hukuma ta fuskanta, malamin Aujara ya san cewa da Hausa ɗalibansa ke tunani. Hikima ita ce a yi aiki da ita a sarari, maimakon a bar ta tana aiki a ɓoye tana haifar da kuskure.

A aikace, darasin zai fi kyau ya fara daga abin da yara suka sani. Malam ya ce su kawo jam'in gida, doki, mota da riga, su gano da kansu cewa hanya huɗu suka bi, sannan ya shaida musu cewa Turanci hanya ɗaya babba gare shi da 'yan ƙananan rassa. Ya ba kunne haƙƙinsa kafin alƙalami: a furta *desk* da *desks*, *test* da *tests*, yara su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu gwargwadon abin da suka ji. Ya rubuta “buhu goma” a sama, *ten bags* a ƙasa, ya kewaye *s* ɗin da alli, ya bar su su faɗi bambancin. Sunaye marasa ƙirguwa a koyar da su tare da ma'auninsu, cikin jimla, ba a jere su tsirara ba. Bauɗaɗɗu a ba da su iyali-iyali. Idan an zo gyaran rubutu, a bambanta kuskuren da ya fito daga furuci da wanda ya fito daga ginin Hausa da wanda ya fito daga wuce iyakar ƙa'ida, domin kowanne da maganinsa.

Wannan yana nufin malamin Ingilishi yana bukatar nahawun Hausa, ko da gwargwadon abin da ke cikin littafin M. K. M. Galadanci na 1976 ne, kuma ya dace shi da malamin Hausa su riƙa zama tare suna tsara darasi. Cibiyoyin da ke yaye malaman jihar, irin su Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su ne suka fi cancanta su sa ɗalibansu su tattara rubuce-rubucen yaran makarantun Jahun da kewaye, su ƙirga wane kuskure ya fi yawa a wane aji. Da irin wannan ƙididdiga ce za a san inda ya kamata a fi ba da ƙarfi.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ginin jam'in Ingilishi mai sauƙi ne: ɗafa-ƙeya ɗaya mai furuci uku, da 'yan ragowar tsofaffin ajujuwa, da wasu baƙin kalmomi. Wahalar ɗalibin Hausa tana cikin cunkoson baƙaƙe, da zaman suna tare da lamba, da rabon masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa, da jituwar suna da aikatau. Duka huɗun ana iya hango su tun kafin a shiga aji, kuma abin da aka hango ana iya yi masa shiri. Yaron da ya iya fitar da duwatsu daga dutse da awaki daga akuya ba za a ce masa ba shi da kan nahawu ba. Nauyin da ya rage a kan malamai da masu horar da su yake: su san harsunan biyu, su nuna wa ɗalibi inda suka haɗu da inda suka rabu.